Amana Tsakanin 'Yan Caca da Masu Karɓar Caca a Ingila, 1845 zuwa 2025

A cikin shekarar 1844 aka yi wani abin kunya a Dabi, watau babbar sukuwar Ingila wadda a ke yi a filin Efsom. Ka'idar sukuwar ita ce dawaki 'yan shekara 3 kaɗai za su shiga, amma waɗansu suka sako doki ɗan shekara 4, suka laƙa masa sunan wani dokin, ya zo na fari. Asiri ya tonu a gaban alƙali. Da shekara ta kewayo, a 1845, Majalisar Dokoki ta kafa doka cewa duk alkawarin da aka ƙulla a kan caca ba shi da tsayuwa a shari'a. Wanda ya ci, aka hana shi kuɗinsa, ba shi da inda zai kai ƙara.

Nufin Majalisa shi ne ta raba alƙalai da rigimar 'yan caca. Abin da ya biyo baya kuwa, sai sana'ar ta koma tana tafiya bisa amana zalla har shekara 160 da 'yan kai. Manyan mutane suna da kwamitin Tatasal, wanda ke sauraron gardamarsu, wanda ya ƙi biya kuma a hana shi shiga filayen sukuwa. Talaka ba shi da wannan gata. Shi dai ya miƙa sulensa ga mai karɓar caca, ya karɓi 'yar takarda, ya koma yana fatan in an tashi sukuwa zai tarad da mutumin a inda ya bar shi. Sau da yawa ba ya tarad da shi. Dokar 1853 ta rufe gidajen karɓar caca, ta 1906 ta hana yi a kan titi, amma ba su kashe sana'ar ba, lungu kawai suka kora ta. A lungun kuwa, abin mamaki, biya ya zama jarin mai karɓa, gama wanda ya cuci unguwa sau ɗaya ba ya sake ganin ko sisinta.

Dokar 1960 ta halatta kantunan caca, aka buɗe su ran 1 ga watan Mayu 1961, amma bashin caca ya ci gaba da zama ba na shari'a ba. Sai da dokar 2005 ta fara aiki sosai a watan Satumba 2007 sa'an nan ɗan caca ya sami ikon kai kamfani kotu. A lokacin nan ne kuma aka ƙyale tallar caca a talabijin. Sana'a ta riga ta hau intanet, kamfanoni suka shiga rige-rigen jawo mutane, babban makaminsu kuwa shi ne abin da su ke kira kyauta.

Ya kamata a tsaya a kan wannan kalma. A kowane harshe, kyauta ita ce abin da ya bar hannun mai shi ba zai komo ba. Ta kamfanonin nan da igiya a ƙafarta. A misali, a wancan lokaci, mutum ya zuba fam 20, aka ƙara masa fam 20, amma can cikin ƙananan rubutu aka ce ba zai fid da kome ba sai ya juya jimlar sau 30. Ke nan sai ya yi cacar fam 1,200, kafin nan kuwa galibi kuɗin sun narke. Abin da ya fi muni, a da har nasa fam 20 ɗin a kan ɗaure tare da kyautar. Masu cacar ƙwallo da sukuwa kuma a lokacin suna da nasu kukan: a yi wa mutum alkawarin caca kyauta in ya fara zuba nasa, ya zuba, sa'an nan a ce an taƙaita asusunsa, ba zai samu ba. Yawanci waɗanda aka ga suna yawan ci a ke yi wa haka.

Mai karɓar caca na zamanin da in zai ci amana sai ya gudu. Na intanet yana zaune a ofishinsa da lasisinsa, dokar da ta ba ɗan caca ikon ƙara kuwa ita ce ta ɗaure shi da sharuɗɗan da ya amince da su bai karanta ba.

A watan Oktoba 2016 hukumar da ke kula da gasar kasuwanci ta Ingila ta fara bincike. A watan Fabrairu 2018 kamfanonin Ladbrokes da William Hill da PT Entertainment suka ɗauki alkawari a rubuce: mutum zai iya fid da kuɗin da ya zuba da kansa duk sa'ad da ya so, wanda kuma ya riga ya cika sharaɗin caca kyauta ba za a janye masa ita ba. Hukumar Caca ta ce sauran kamfanoni ma su bi. Yawan juyin ne aka bari ba iyaka, har shekarar 2025, lokacin da hukumar ta sanar cewa ba za a ƙara sa wa mutum ya juya kuɗin kyauta fiye da sau 10 ba.