Faɗin Ƙasa ko Yawan Talakawa? Auna Manyan Dauloli daga Gonakin Rimin Gado

Tsakure

Wannan maƙala ta duba jadawalin da ake jera manyan daulolin duniya da shi gwargwadon faɗin ƙasarsu, ta gwada shi a kan Daular Sakkwato da karkarar Kano. Ta tarar cewa awon faɗi yana nuna iyakar abin da masu mulki suka yi da'awa, amma ba ya nuna inda mulkin ya zauna da gindinsa.

Jadawalin da kowa ke ɗauka

Duk wanda ya nemi sanin daular da ta fi kowace girma a tarihi, kusan lissafi ɗaya zai tarar, kuma mafi yawansa daga aikin mutum ɗaya ya fito. Rein Taagepera, masanin kimiyyar siyasa ɗan asalin Estoniya, shi ne ya zauna da taswirorin tarihi ya auna su, ya buga sakamakon a jerin maƙalu tsakanin 1978 da 1997. A lissafinsa Birtaniya ce kan gaba, da murabba'in kilomita miliyan 35.5 a 1920, wato kusan rubu'in tudun duniya. Daular Mongol ta ƙarshen ƙarni na 13 na bi mata da miliyan 24, kuma ita ce mafi girma cikin waɗanda ƙasarsu ke haɗe babu teku a tsakani. Rasha ta kai miliyan 22.8 a 1895, daular Qing ta ƙasar Sin miliyan 14.7 a 1790, Sifaniya 13.7, Faransa 11.5. Banu Umayya da Abbasiyawa kowace ta taɓa miliyan 11.1 a ƙarni na 8, ninki biyu na Rum da ake ta kururutawa, wadda ba ta wuce miliyan 5 ba.

Afirka ta Yamma sai can ƙasan shafi. Daular Mali ya ba ta wajen miliyan 1.1, Songhai kuwa ƙasa da miliyan ɗaya. Daular Sakkwato, da aka fi ƙiyasta ta da kimanin murabba'in kilomita 400,000, za ta shiga cikin ta Birtaniya kusan sau casa'in.

Taagepera bai yi awon da ka ba. Ya gindaya sharaɗi: ƙasar daula ita ce inda take da ikon soja da na karɓar haraji ba tare da wani ya ja da ita ba. Sharaɗin ya yi kyau. Matsalar ita ce taswirorin da aka auna ba su san da shi ba. Mai zana taswira launi ɗaya yake shafawa daga wannan iyaka zuwa waccan, ya haɗa birni da daji da hamada. Da haka ƙanƙarar arewacin Kanada da tsakiyar Ostireliya suka kumbura lissafin Birtaniya, alhali mafi yawan talakawanta suna Indiya. Da haka Sahara ta kumbura na Faransa, Saberiya na Rasha. Qing, wadda ke matsayi na huɗu, tana riƙe da mutum wajen miliyan 300 a ƙarshen ƙarni na 18, adadin da Mongol ba su taɓa kusanta ba.

Sakkwato: ina iyakar take?

Jihadin da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya fara bayan hijirarsa zuwa Gudu a 1804 ya haifar da daula mai masarautu wajen talatin, daga Liptako a Burkina Faso ta yau har Adamawa cikin Kamaru. Masana tarihi kan ce ƙetare ta gabas da yamma tafiyar wata huɗu ce, kudu da arewa ta wata biyu. Wannan awo na kwanakin tafiya ya fi kusa da yadda mutanen zamanin suka san ƙasarsu: fatake da zango suke lissafi, sarakuna da garuruwan da suka yi mubaya'a. Ko taswirar da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya sa aka zana wa Baturen matafiyi Hugh Clapperton a 1824, garuruwa da hanyoyi da kogi ta nuna, ba layin iyaka ba.

Da za a bi sharaɗin Taagepera sau da ƙafa, da taswirar daular ta fito da huji ko'ina. Sarakunan Katsina da aka kora sun kafa Maraɗi, Gobirawa suka zauna Tsibiri, Kabawa suka tsaya Argungu kusa da hancin Sakkwato da Gwandu, gidan sarautar Zazzau ta dā ya kafa tsohuwar Abuja a 1828. Babu ɗaya cikinsu da ke kai gaisuwa Sakkwato, kuma dukansu suna kai hari. Sarkin Haɗeja Buhari ya yi tawaye wajen 1850, bai sake miƙa wuya ba har ya mutu a 1863. Ningi kuwa labarinta ya fi dacewa da wannan bincike, domin asalin rigimar haraji ce: Malam Hamza da jama'arsa sun bar Tsakuwa ta ƙasar Kano a shekarun 1840 saboda ƙin biyan kuɗin ƙasa, suka shiga duwatsu, magadansu suka shafe shekaru suna addabar kudancin Kano da Zazzau da Bauchi.

Tsakanin masarauta da masarauta ma daji ne mai faɗi, kamar dajin Rubu da ke kan hanyar Katsina, wanda ayari ba ya shiga sai da shiri. Wa ke mulkin wannan daji? A kan takarda, Sarkin Musulmi. A zahiri, wanda ya fi mahaya a ranar. Shi ya sa Bello ya dage kan gina ribaɗi a bakin iyaka, shi kansa ya zauna Wurno. Ibn Khaldun ya riga ya lura da haka tun ƙarni na 14, inda ya nuna cewa ƙarfin daula a cibiyarta yake, yana raguwa yayin da ake nisa da ita.

Abin da gonakin Rimin Gado ke nunawa

Rimin Gado tana yamma da birnin Kano, tafiyar kilomita ashirin da wani abu a kan hanyar Gwarzo. Faɗin ƙaramar hukumarta murabba'in kilomita 225 ne, ƙidayar 2006 ta ba ta mutum 104,790, wato sama da mutum 460 a kowane murabba'in kilomita. Ƙasar Mongoliya ta yau, mahaifar Janghis Khan na Daular Mongol, wajen mutum biyu take da shi a kowane murabba'in kilomita.

Wannan cunkoso ba jiya ya fara ba, ko da yake ya ƙaru ƙwarai. Yankin da ke kewaye da birnin Kano shi ne wanda Michael Mortimore da J. Wilson suka nazarta a 1965, suka bayyana shi a matsayin karkara mai matsatsin zama, inda gona ke manne da gona kuma ba a barin ƙasa ta huta. Abin da ya riƙe ta shi ne taki: na dabbobin gida, da toka da shara da jakuna ke jigila daga birni su dawo da itace. Ana surka gero da dawa da wake da gyaɗa a gona guda, ana barin gawo da ɗorawa da kuka da tsamiya a tsaye, kowace bishiya da mai ita. Da rani manomi ya koma masaƙi, ko marini, ko ɗan koli. Polly Hill, da ta kwatanta karkarar Kano ta 1900 da ta 1970, ta nuna cewa waɗannan sana'o'i da fatauci su ne suka sa ƙasar ta iya ɗaukar wannan jama'a tun kafin zuwan Turawa.

A nan baitulmali ke cika. Baturen matafiyi Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851, ya rubuta cewa kowane magidanci na biyan kuɗin ƙasa wuri 2,500, ban da kuɗin karofi da ake karɓa a kan kowane ramin rini. Ya ƙiyasta tufafin da Kano ke fitarwa a shekara da wuri miliyan 300, suna kaiwa har Timbuktu da Tarabulus. Hakimai suna zaune a birni, jakadu ke fita ƙauyuka su tattaro. Abin lura, garuruwan hakimi ɗaya ba lalle su kasance a haɗe ba. Wannan a gabas, wancan a yamma. Mutane ake ba shi, ba fili ba. Sai bayan Turawa sun ci Kano ne, wajen 1908, aka yanka ƙasar gunduma-gunduma aka tura hakimai su zauna cikinsu.

Don haka ba daidai ba ne a ɗora murabba'in kilomita na karkarar Kano da na dajin kan iyaka a sikeli ɗaya, tamkar mai auna buhun gero da buhun ƙaiƙayi ya ce ai duk buhu ne. Masarautar Kano ƙaramin yanki ce a taswirar daular idan aka ajiye ta kusa da Adamawa, amma ita ce ta fi kowace jama'a da arziki.

Taswirar da ta riga mulki

Adadin Birtaniya ma yana da irin wannan rauni, kuma shaidarsa na nan gida. A 1890 Birtaniya da Faransa suka ja layi daga Say a bakin Kwara zuwa Barruwa a gefen Tafkin Chadi, suka raba ƙasar da babu ɗayansu da ke mulkinta. Ranar 1 ga Janairun 1900 Lugard, wakilin Birtaniya, ya shelanta Arewa a matsayin ƙasar da ke ƙarƙashin kariyar Birtaniya, masu zana taswira a Landan suka shafa mata ja. A ranar, manomin yammacin Kano Sarkin Kano Alu yake biya wa haraji, huɗubar Juma'a kuma da sunan Sarkin Musulmi ake yi. Kano ba ta faɗi ba sai 3 ga Fabrairun 1903, Sakkwato 15 ga Maris, yaƙin ƙarshe na Burmi kuma sai Yuli.

Jadawalin Taagepera yana da amfani, musamman wajen ganin yadda doki, sannan jirgin ruwa da bindiga, suka faɗaɗa nisan da mulki ke iya kaiwa. Amma mai nazarin tarihin ƙasar Hausa da ya tsaya a kansa zai raina Sakkwato ba bisa hujja ba. Aikin da ke gaban masu bincike a Jami'ar Bayero da ta Usmanu Ɗanfodiyo shi ne su koma ga rahotannin kimanta haraji na farkon mulkin Turawa da ke gidan adana takardu na Kaduna, da wasiƙun sarakuna, su zana taswirar daular gari-gari: inda aka biya kuɗin ƙasa kowace shekara, inda aka biya sai an ga mahaya, da inda ba a taɓa biya ba.