Zanen bugawa: daga Zariya zuwa Agbarha-Otor

A 1958 waɗansu ɗaliban zane na kwalejin Zariya, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, suka kafa ƙungiya don kada koyarwar Turawa ta shafe salon gargajiya. Cikinsu akwai Bruce Onobrakpeya, wanda ya duƙufa ga zanen bugawa: a sassaƙa sura bisa katako ko farantin ƙarfe, a shafa tawada, a danna takarda. Sassaƙa ɗaya kan ba da kwafi masu yawa, abin da ya kamata masu tsara littattafan yaƙi da jahilci su lura da shi. A 1998 ya buɗe taron horo a Agbarha-Otor, jihar Delta, inda masu digiri da waɗanda suka koyi sana'ar a hannu suka riƙa aiki tare.