Dabilin, Babban Birnin Ayalan: Tarihinsa da Abin da Baƙo Zai Gani

Birnin Dabilin yana gaɓar gabas ta tsibirin Ayalan, daidai inda kogin Liffey yake zuba cikin teku. Kogin ya raba garin biyu, arewa da kudu, duwatsun Wicklow kuma suna hango shi daga kudu. A ƙidayar 2022 mutanen cikin birni sun kusa dubu 600, idan aka haɗa da kewaye kuwa sun haura miliyan 1.4, a ƙasar da duka jama'arta suka ɗan zarce miliyan 5. Ba ya cikin manyan biranen Turai, mai lafiyar ƙafa zai iya ratsa tsakiyarsa bai gaji ba. Sai dai garin ya sha mulkin baƙi sama da shekara 700, ya ga yunwa, ya ga yaƙi, kuma mutanensa ba su share alamun abin da ya same su ba. Sun bar su a bakin titi, duk mai ido ya gani.

Mayaƙan ruwa na arewacin Turai da ake kira Viking su ne suka kafa sansani a bakin kogin a shekarar 841. Sannu a hankali sansanin ya zama kasuwa, ana cinikin azurfa da bayi, har ya shiga sahun manyan kasuwannin bayi na yammacin Turai. A 1014 aka gwabza yaƙin Clontarf a gefen garin, inda rundunar Brian Boru, babban sarkin Ayalan, ta yi nasara, amma shi ya rasa ransa. A 1170 mayaƙa daga Ingila suka ci garin, a 1204 kuma Sarki John ya ba da umarnin gina fadar Dabilin. Daga wannan fada aka riƙa juya ƙasar har zuwa 16 ga Janairun 1922, ranar da aka miƙa ta ga Michael Collins a madadin sabuwar gwamnatin 'yan ƙasa.

A harabar wannan fada akwai wurin da bai kamata Musulmi ya je Dabilin ya dawo bai shiga ba, wato ɗakin adana littattafai na Chester Beatty. Mai shi attajiri ne haifaffen Amurka, wanda ya yi arziki da haƙar ma'adinai, ya dawo Dabilin da zama a 1950, da ya rasu a 1968 ya bar wa al'ummar ƙasar duk abin da ya tara. Cikin tarin akwai Alƙur'anai rubutun hannu sama da 260, wasu cikakku wasu ɓangarori. Mafi shahara shi ne wanda Ibn al-Bawwab ya rubuta a Bagadaza a shekarar 391 ta Hijira, sama da shekara dubu ke nan. Duk wanda ya taɓa ganin alaramma ya duƙufa yana rubuta Alƙur'ani da ka, zai san darajar abin da ke wannan ɗaki: daidaiton layi, kyan tawada, da zayyanar ruwan zinare da har yau ba ta dushe ba. Shiga kyauta ne, kuma akwai littattafan Farisa da Turkiyya da Sin da Habasha.

Tafiya kaɗan daga nan sai jami'ar Trinity, wadda Sarauniya Elizabeth ta Farko ta kafa a 1592. Shekaru 200 na farko mabiya Katolika, waɗanda su ne mafi rinjaye a ƙasar, ba su da damar karɓar digiri a cikinta, sai a 1793 aka buɗe musu ƙofa. A nan aka adana Littafin Kells, Linjila da malaman Kirista suka rubuta a kan fatar maraƙi wajen shekarar 800, suka ƙawata shi da zane mai sarƙaƙiya. A saman bene akwai dogon zauren karatu mai tsawon mita 65, a cikinsa kuma ake ajiye tsohuwar garayar nan da hotonta yake jikin kuɗin ƙasar. A wannan jami'a Jaja Wachuku, ministan harkokin waje na farko a Nijeriya, ya yi karatun lauya.

Ƙarni na 18 shi ne lokacin da garin ya yi tashe. A lokacin aka shimfiɗa faffaɗan tituna, aka jera gidajen jan bulo masu ƙofofi launi-launi da ake gani a dandalin Merrion, aka kammala gidan kwastan a 1791. Daga farkon 1801 aka rushe majalisar dokokin Ayalan, aka haɗe ƙasar da Birtaniya. Masu kuɗi da masu mulki suka koma Landan, manyan gidajensu da yawa suka zama gidajen haya, iyali guda a ɗaki guda.

Bala'i mafi girma ya zo tsakanin 1845 da 1852. Cuta ta afka wa dankalin Turawa, wanda shi ne abincin talakan ƙasar safe da dare. Mutum kusan miliyan ɗaya suka mutu, sama da miliyan ɗaya kuma suka shiga jiragen ruwa suka nufi Amurka da Kanada da Ingila, alhali ana ci gaba da lodin hatsi da dabbobi daga tashoshin ƙasar zuwa waje. Har yau yawan jama'ar tsibirin bai koma yadda yake kafin yunwar ba. A bakin kogi, kusa da gidan kwastan, an kafa mutum-mutumi na tagulla a 1997 don tunawa da waɗanda yunwar ta shafa: dogayen mutane ramammu, tufafi a yage, wani ɗauke da yaro a kafaɗa, duk sun nufi tashar jirgi. Kowa ya iso wurin sai ya sassauta tafiya. Wannan tabo ne ya sa 'yan Ayalan ba sa jin labarin yunwa su kau da kai. Ƙungiyar agaji ta Concern ma a Dabilin aka kafa ta a 1968, saboda yunwar lokacin yaƙin basasar Nijeriya.

Titin O'Connell shi ne babban titin garin, a kansa kuma babban gidan waya yake. A ƙofarsa, ranar 24 ga Afrilun 1916, Patrick Pearse ya karanta shelar kafa jamhuriya, 'yan tawaye suka kama muhimman gine-gine. Kwana shida sojojin Birtaniya suka murƙushe su, tsakiyar gari ta zama kufai. Da farko jama'a da yawa ba su goyi bayan boren ba. Abin da ya juya zukata shi ne hukuncin da ya biyo baya: aka harbe shugabanni 14 a gidan yarin Kilmainham, har da James Connolly, wanda rauni ya hana shi tsayuwa sai da aka ɗaure shi a kujera. Shekara shida bayan haka aka kafa ƙasa mai cin gashin kanta, a 1949 ta zama cikakkiyar jamhuriya, gundumomi shida na arewa kuwa suka ci gaba da zama ƙarƙashin Birtaniya. Gidan yarin yanzu gidan tarihi ne, ana zagayawa da baƙi har filin da aka yi harbin. Wurin yana cika, don haka a sayi tikiti tun da wuri.

Garin yana da fuskar nishaɗi kuma. Akwai gadar Ha'penny ta 1816, wadda aka riƙa biyan sisin kwabo kafin a haye ta har zuwa 1919. Akwai dajin shaƙatawa na Phoenix mai faɗin hekta 700 da ɗoriya, inda barewa suke kiwo kusa da gidan shugaban ƙasa. Akwai filin wasa na Croke Park mai cin mutum sama da dubu 82, cibiyar wasannin gargajiyarsu. Dabilin garin marubuta ne, a nan aka haifi Yeats da Shaw da Beckett, dukkansu sun ci kyautar Nobel. Mutanen garin masu son hira ne da barkwanci, tambayar hanya kaɗai tana iya zama doguwar zantawa. Mashaya suna da yawa, musamman a unguwar Temple Bar, kuma kamfanin giya na Guinness tun 1759 yake nan, amma wanda ba ya sha ba zai rasa wurin zuwa ba. A titin South Circular akwai masallaci, tsohuwar majami'a ce da Musulmi suka saya a 1983, kewaye da shi kuma shagunan abincin halal ne.

Mai niyyar zuwa ya san cewa Ayalan tana cikin Tarayyar Turai tun 1973 kuma da yuro ake ciniki, amma bizar Shengen ba ta shiga da mutum, bizarta daban ce. Ruwan sama ba shi da lokaci, rigar ruwa ta zama dole ko da safiya ta waye da rana. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe goma na dare, a Disamba kuwa ƙarfe huɗu da 'yan mintoci magariba ta yi, sai a kula da lokutan salla. Masauki yana da tsada ƙwarai, domin garin da a da 'ya'yansa suke gudu yanzu shi ake gudowa. Kamfanoni irin su Google da Meta sun kafa manyan ofisoshinsu a garin, gidaje kuma sun yi ƙaranci. Sauƙin abin shi ne manyan gidajen tarihi na gwamnati da yawa kyauta ake shiga, katin Leap guda ɗaya kuma yana biyan bas da jirgin cikin gari.

Wanda Allah ya nufa da wannan tafiya, kada ya ƙare lokacinsa a kantunan titin Grafton. Ya ware yini guda ga Chester Beatty da Trinity, wani yinin ga bakin kogi da Kilmainham. Zai dawo da sanin cewa a cikin Turai ma akwai al'ummar da aka mulka aka zalunta, ta ƙwaci kanta, sannan ta kashe kuɗi da lokaci wajen adana tarihinta, mai daɗi da mai ɗaci, domin 'ya'yanta su san abin da aka biya kafin su sami ƙasa.