Daga Kwana Bakwai Zuwa Katin Awo: Tarihin Lissafin Girman Jariri a Gidan Bahaushe

Littattafan tarihin da aka koya mana a makaranta cike suke da sarakuna da ganuwa da yaƙe-yaƙe. Da wuya a tarar da shafi guda da ya leƙa tsakar gida ya tambayi yadda aka raini waɗanda suka gina ganuwar. Alhali kuwa duk wanda ya taka ƙasa, sai da wata mace ta ƙirga masa kwanaki cikin fargaba kafin ya kai ga takawar. Wannan lissafi nake son bibiya: yadda gidan Bahaushe yake auna girman jariri, da yadda ma'aunin ya sauya cikin ƙarnin da ya gabata.

Lissafin farko na kwanaki ne. Ungozoma takan yanke cibi, a binne mabiyiya a cikin gida. Cikin kwanakin farko wanzami yakan zo cire belu, maigida kuma ya kawo naman ƙauri domin mai jego. Ranar bakwai a yanka rago, a raɗa suna, a yi aski, a wasu gidajen har da tsagar gado. Daga nan sai a fuskanci arba'in. Safe da yamma mai jego tana wanka da ruwan zafi da ganye, tana shan kunun kanwa, ba ta daka, ba ta ɗauko ruwa. Idan haihuwar fari ce, a gidan iyayenta take yin wannan zama. Ranar da ta cika arba'in takan yi kwalliya ta goya ɗanta ta zaga dangi, kamar mai shelar cewa su biyun sun tsallake siraɗi.

Bayan arba'in sai lissafi ya bar kwanaki ya koma jikin yaro. Ba a cika tambayar watanninsa nawa ba. Abin da ake tambaya shi ne, wuyansa ya tsaya? Ya fara zama? Sai rarrafe, sai haƙori, sai ya kama bango ya miƙe. Daga nan yayyensa su riƙe masa hannu suna yi masa tatata, ko kafinta ya ƙera masa keken katako mai ƙafa uku ya riƙa turawa. Ƙarshen zangon shi ne yaye, wajen shekara biyu, daidai da wa'adin shayarwa da Alƙur'ani ya ambata a Suratul Baƙara. Akan kai yaron gidan kakarsa ya yi kwanaki har ya manta da nono. Macen da ta yi ciki kafin ta yaye kuwa akan ce ta yi kwanika, kuma abin gori ne, domin an san wanda ke goye shi zai rame.

A ganina, tushen wannan tsari duka tsoron mutuwar yara ne, kuma sunayenmu sun isa shaida. Matar da 'ya'yanta ke mutuwa ɗaya bayan ɗaya ana ce mata mai wabi, kuma idan ta sake haihuwa akan laƙaba wa jaririn Ajuji ko Ayashe, a nuna kamar ba a damu da shi ba, ko mutuwa ta kau da kai. Al'ummar da ta ƙirƙiri irin waɗannan sunaye ta san zafin binne ƙananan yara. Saboda haka kowane mataki da yaro ya kai, daga zama zuwa tafiya, nasara ce ta gida gaba ɗaya.

Na ce ta gida gaba ɗaya domin reno bai taɓa zama aikin mutum ɗaya ba. Kunyar ɗan fari takan hana uwa kiran sunan ɗanta ko yi masa wasa a gaban mutane, sai kaka da goggo da kishiya su cike gurbin. Labarin rayuwar Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakinta a ƙasar Zazzau tsakanin 1949 da 1950 aka buga a 1954, ya nuna wannan a fili: ita Baba ba ta haifi ɗa nata ba, amma ta riƙe 'ya'yan dangi ta raine su, kuma babu wanda ya ga baƙon abu a ciki.

Sabon lissafi ya zo ne a kan takarda. A ƙarshen shekarun 1950 wani likitan yara ɗan Ingila, David Morley, yana aiki a ƙauyen Imesi-Ile na ƙasar Yarabawa, ya tsara katin da ake zana nauyin yaro a kai wata-wata, domin a gane ramewa tun kafin ido ya gani. Katin ya bazu a duniya, shi ne kakan katin awon da ke jakar matan Kano da Maraɗi a yau. A 1970 aka ga ƙarshen cutar agana a Nijeriya. A 1974 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da shirin faɗaɗa rigakafin yara, kuma a zamanin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti yake ministan lafiya, daga 1985 zuwa 1992, aka ƙarfafa ƙananan asibitoci da koyar da ruwan gishiri da sukari. Sai jariri ya sami sababbin ranaku: allura ranar haihuwa, sati 6, sati 10, sati 14, sai ta ƙyanda a wata 9. Abin lura shi ne sati 6 kwana 42 ne. Ke nan tsohuwa da malamar asibiti sun kusa haɗuwa a rana ɗaya, kowacce ta biyo tata hanyar.

Haɗuwar lissafin biyu ba ta zo da sauƙi ba. A shekarun 1970 likitoci a Zariya sun danganta yawan ciwon zuciya bayan haihuwa da tsananin zafin jego da yawan kanwa. Dakashi, wato nonon farko da ake matsewa a zubar, an gano shi ne kariyar farko ga jariri. Zawon da ake ɗora wa haƙori a zuba masa ido, an gane yana ƙarar da ruwan jikin yaro cikin kwana kaɗan. A ɗaya gefen kuma, dakatar da rigakafin shan inna a Kano a 2003 ya nuna cewa allura ba ta shiga gidan da amana ba ta shiga ba. Sai da sarakuna da malamai da mata masu bi gida-gida suka sa hannu, kafin a 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar cutar.

Ni ɗan zamanin kati ne, kuma ba na shakkar cewa ya ceci rayuka masu yawa. Amma akwai abin da tsohon lissafi ya riƙe wanda katin bai tanadar masa layi ba. Arba'in ta ƙirga uwa tare da ɗanta, ta ba ta hutu da abinci da hannuwa masu karɓa. Yau a unguwannin birni, matashiya takan koma ɗaki ɗaya na haya da jaririnta, mijinta ya fita nema, kaka tana can ƙauye, babu mai karɓar goyo balle ta runtsa. Ma'auni zai faɗi nauyin yaron, amma ba zai tambayi ko uwar ta ci abinci ba.

Darasin da na ɗauko daga wannan tarihi shi ne kada mu zubar da jego tare da kanwarsa. A rage zafin ruwa, a ba jariri dakashi, a kai shi allura a kan lokaci, sannan a bar wa mai jego kwana arba'in ɗinta da mutanenta. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma yaron da zai yi tatata yana buƙatar mai riƙe shi ta dama da mai riƙe shi ta hagu.