Makarantar Koyon Harkar Otal ta Lausanne

Makarantar Koyon Harkar Otal ta Lausanne, wadda aka fi sani da EHL, babbar makaranta ce a ƙasar Suwizalan da ke koyar da gudanar da otal da hidimar masu yawon buɗe ido. Jacques Tschumi ne ya kafa ta a shekarar 1893, lokacin da baƙi suka yawaita a ƙasar, otal-otal kuma suna ƙarancin ƙwararrun ma'aikata. Ana ɗaukar ta a matsayin makarantar otal ta farko a duniya.

Karatun gaba da digiri

Makarantar tana bayar da digiri na biyu tare da Jami'ar Houston ta Amurka da Jami'ar Polytechnic ta Hong Kong. Ɗalibi yakan yi zango ɗaya a kowacce, domin ya san kasuwar otal a nahiyoyi uku.