Doguwar Hanyar da Ingilishi Ya Bi Kafin Ya Iso Garwa

Garwa da Yola 'yan kogi ɗaya ne. Binuwai yana ratsa Garwa kafin ya tsallaka iyaka ya wuce ta Yola, kuma a ƙarni na 19 garuruwan biyu suna cikin daula guda, wato Adamawa, wadda Modibbo Adama ya kafa bayan ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Mai duba taswira zai zaci cewa ta wannan kusanci ne Ingilishi zai shiga Garwa. Ba haka tarihi ya yi ba. Harshen da yake na hukuma a Yola sai da ya zagaya ta Yawunde, wani lokaci ma ta Amurka, kafin ya sami allo da alli a makarantun Garwa.

Rabuwar ta faro ne a 1901, shekarar da Ingilishi suka ci Yola, Jamusawa kuma suka ci Garwa. A Yaƙin Duniya na Ɗaya rundunar Ingila da ta Faransa suka yi wa Garwa ƙawanya, Jamusawan da ke ciki suka miƙa wuya a watan Yuni na 1915. Duk da cewa daga Nijeriya wani ɓangare na mayaƙan ya taso, da aka zo rabon Kamaru a 1916 sai Garwa ta faɗa kason Faransa. Daga nan Faransanci ya zama harshen ofis da na boko, Fulatanci ya ci gaba da zama harshen gari, Larabci na makarantar allo, Hausa kuma tana nan a bakin fatake da unguwannin Hausawa.

Abin da ya sauya lissafi shi ne ƙuri'ar raba gardama ta 11 ga Fabrairu, 1961. Arewacin Kamarun da ke hannun Ingila ya zaɓi Nijeriya, ya zama Lardin Sardauna. Kudancinsa ya zaɓi haɗewa da Kamarun Faransa, wadda ta sami 'yanci tun 1 ga Janairu, 1960. Ranar 1 ga Oktoba, 1961 aka kafa tarayya mai harsunan hukuma biyu, Faransanci da Ingilishi. Shugaban da ya ɗauki wannan nauyi, Ahmadu Ahijo, haifaffen Garwa ne, kuma da Faransanci ya yi karatunsa. Ke nan ɗan Garwa ne ya jagoranci alkawarin da ya wajabta wa yaran Garwa harshen da babu mai koyar da shi a garin sai ɗaiɗaiku.

Rubuta harsuna biyu a tsarin mulki abu ne mai sauƙi. Samo malamai shi ne jidali. An buɗe makarantar sakandare mai harsuna biyu a 1963 a can gaɓar teku, daga baya aka mayar da ita Buea. Masani Bernard Fonlon ya yi ta jan hankali a mujallar Abbia cewa tun daga firamare ya kamata a fara, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Amma Buea tana ƙarshen kudu, Garwa tana can arewa, inda boko kansa ya makara da shiga, kuma malaman kudu da yawa ba sa murnar a tura su.

A wannan giɓi ne baƙin malamai suka shigo. Shugaba Kennedy ya kafa Peace Corps a watan Maris na 1961, kuma rukunin farko ya sauka Kamaru a 1962 domin aikin koyarwa. Da tafiya ta yi tafiya, koyar da Ingilishi a yankunan Faransanci ya zama ɗaya daga cikin ginshiƙan aikin, har ya kai arewa, inda Garwa ta zama matattarar waɗanda aka rarraba a garuruwan kewaye. Mutum fiye da 3,000 suka yi hidima a ƙasar a tsawon shekarun. Ana kiransu 'yan sa-kai. Ɗalibin Hausa ya lura: a Nijeriyar yau wannan kalma ta fi kai zuciya ga masu gadin gari da bindigar toka, alhali asalin ma'anarta ita ce wanda ya sa kansa aiki ba da tilas ba.

Tsarin bai cika sauyawa ba: horo na kimanin wata uku, sannan shekara biyu a wurin aiki. Mafi yawansu matasa ne da ba su daɗe da gama jami'a ba, kuma abu na farko da arewa take buƙata daga gare su shi ne su koma ɗalibai. Sai sun iya Faransanci kafin su yi magana da shugaban makaranta, sai sun tsinci Fulatanci kafin su gaisa da maƙwabta ko su yi ciniki a kasuwa. Wanda ya zo da tunanin cewa haihuwa cikin harshe ta isa a koyar da shi, ajin farko yake warkar da shi.

A nan ne lamarin ya fi ban sha'awa. Yaron da ke zaune gaban wannan malami, a ajin farko na sakandare, yana iya kasancewa Bafali ne ko Bamundang ko Batupuri, mai harshen gida nasa daban. Ya koyi Fulatanci a titi, ya sha Faransanci shekara shida a firamare, wataƙila yana jin Hausa, idan Musulmi ne kuma yana da karatun allo. Ingilishi harshensa na huɗu ne ko na biyar, kuma ta cikin na uku ake bayyana masa shi. Sau da yawa malamin da ya ƙetaro teku shi ne mafi ƙarancin harsuna a ɗakin. Ga aji cike maƙil, ga ƙarancin littafi, ga zafin Maris da Afrilu da kan haura digiri 40, ga jarrabawar BEPC tana jira. Da an tashi kuma, yaron ba ya sake jin Ingilishi sai darasi na gaba.

Ko da yake ba haka ne ɗungurungum ba. Akwai Ingilishin da ya riga malaman isowa, a ɓoye cikin Hausar 'yan kasuwar Yola da Mubi: mota, direba, tebur, burodi. Makarantar da Fulatancin yankin ke kira lekkol, daga Faransanci, ba ta ɗauki wannan a matsayin jari ba, kamar yadda ba ta cika ɗaukar harsunan gida a bakin komai ba. Tsarin mulkin 1996 ya daidaita darajar Ingilishi da Faransanci, ya kuma yi alkawarin kare harsunan ƙasa, amma a jadawalin darussa kason waɗannan ya kasance ƙarami ƙwarai.

Adalci ne a ce 'yan sa-kan sun yi amfani: sun tsaya a azuzuwan da da babu kowa, sun kafa ƙungiyoyin hira da Ingilishi, sun ba ɗalibai damar jin harshen a bakin masu shi. Raunin tsarin yana cikin gininsa. Shekara biyu ba ta kai yaro daga ajin farko zuwa jarrabawa, kuma baƙo yana zama ne gwargwadon yadda gwamnatinsa ta ga hanya lafiya. Ranar 19 ga Fabrairu, 2013 aka sace Faransawa bakwai 'yan gida ɗaya, huɗu daga cikinsu yara, kusa da Dabanga bayan sun ziyarci gandun dajin Waza. Peace Corps ta janye mutanenta daga yankin Arewa mai Nisa, aikin ya riƙa ja da baya zuwa kudu. A watan Maris na 2020 annobar korona ta sa aka kwashe 'yan sa-kan hukumar daga duk duniya.

Tsakanin waɗannan shekaru biyu, tun daga ƙarshen 2016, yankunan Ingilishi na Kamaru suka faɗa rikici, wanda ya faro da koken lauyoyi da malamai kan mamayar Faransanci a kotuna da makarantunsu. Gwamnati ta kafa hukumar bunƙasa harsuna biyu a 2017, ta yi dokar harsunan hukuma a 2019. A arewa kuwa, nauyin ya koma kan 'yan ƙasa, ciki har da waɗanda babbar kwalejin horon malamai ta Jami'ar Marwa, da aka kafa a 2008, take yayewa. Garwa ta sami tata jami'ar a 2022.