Nazarin Kiɗa a Jami'a

Nazarin kiɗa a jami'a fanni ne da ake ba da digiri a kansa bayan karatun shekara uku ko huɗu, gwargwadon tsarin ƙasa. Daga cikin rassan fannin a jami'o'in da ke koyar da shi akwai waɗannan uku: ƙwarewa a kan kayan kiɗa, binciken kaɗe-kaɗen al'ummomin duniya, da fasahar sauti. Ɗalibai sukan fara da darussan tushe tare, wato horon kunne, karanta alamomin kiɗa da tarihi, kafin kowa ya kama reshensa. Rassan nan ba gida ɗaya suka fito ba, kuma zamansu a sashe guda bai daɗe ba.

Asali

A tsoffin jami'o'in Turai, kiɗa yana cikin darussa huɗu na lissafi, tare da ƙidaya, ilimin awon siffofi da ilimin taurari. Abin da ake karantawa shi ne dangantakar amo da adadi, misali yadda tsirkiya ke ba da amo iri ɗaya amma mafi siranta idan aka danne ta a daidai rabinta. Malaman Musulunci ma sun yi zurfi a wannan bincike. Alfarabi, wanda ya rasu wajen shekarar 950, ya bar babban littafi a kansa. Jami'ar Cambridge ta ba da digirin kiɗa a 1464.

Horon hannu kuwa a waje ake yin sa: a majami'u, a fadodin sarakuna, da gidajen marayu na birnin Naples a Italiya. Daga baya aka kafa makarantu na musamman, kamar ta Paris a 1795 da ta Leipzig a 1843. Sai a ƙarni na 20, musamman a Amurka, aka shigar da horon hannu cikin jami'a sosai.

Ƙwarewa a kan kayan kiɗa

Mai neman gurbi a wannan reshe sai ya yi kiɗa a gaban malamai kafin a ɗauke shi. Takardar sakandare kaɗai ba ta wadatarwa. A Birtaniya da ƙasashen da suka gaji tsarinta, akan nemi ƙwarewar da ta kai mataki na 8 na jarrabawar hukumar ABRSM, wadda aka kafa a 1889. Ginshiƙin karatun shi ne zama da malami guda, yawanci awa ɗaya a mako, sai ɗalibi ya tafi ya yi ta maimaici shi kaɗai na sa'o'i a kullum. Ana haɗa shi da wasu a ƙungiya don ya koyi sauraron na kusa da shi, kuma sau da yawa akan wajabta masa fiyano ko da ba shi ne kayansa ba. A shekarar ƙarshe yakan yi wasa a bainar jama'a, alƙalai na zaune suna ba da maki.

Wannan zama na malami da almajiri ya yi kama da yadda yaron makaɗi ke tashi a gaban ubangidansa. Bambancin shi ne takarda: an gina manhajar a kan kiɗan da aka rubuta, don haka makaɗin da ya iya da kunne kaɗai yakan sha wuya a ƙofar shiga, komai gwanintarsa.

Kaɗe-kaɗen duniya

Wannan reshe ya samu gindin zama ne bayan da Thomas Edison ya ƙera na'urar ɗaukar murya a 1877, domin kafin nan babu hanyar adana kiɗan da ba a rubuta ba. A 1885 Alexander Ellis, ɗan Ingila, ya fito da ma'auni mai raba tazarar amo da ninkinsa gida 1,200, ya nuna da shi cewa jerin amon Turawa ɗaya ne kawai daga cikin jeri masu yawa da mutane ke amfani da su. A 1900 Carl Stumpf ya fara tara faya-fayen kiɗan ƙasashe a Berlin. A 1914 Erich von Hornbostel da Curt Sachs suka kasa kayan kiɗan duniya gida huɗu bisa abin da ke motsi ya ba da amo, kuma har yau da wannan rabo ake karantarwa: masu fata kamar kalangu da kotso, masu tsirkiya kamar goge da gurmi, na busa kamar algaita da kakaki, da waɗanda jikinsu ne ke amo kamar shantu da kuge.

Masanan farko suna da babban rauni. Yawancinsu a ɗakin bincike suke zaune suna sauraron faya-fayen da matafiya da jami'an mulkin mallaka suka kawo, ba su ga bikin da aka yi kiɗan dominsa ba, ba su kuma tambayi makaɗin ba. Bayan yaƙin duniya na biyu aka sake salo. Jaap Kunst, ɗan Holan da ya yi bincike a Indunusiya, ya yaɗa sunan etnomuzikoloji daga 1950, aka kafa ƙungiyar masanan fannin a Amurka a 1955. Ɗalibinsa Mantle Hood, a Jami'ar Kalifoniya ta Los Angeles, ya dage a kan cewa mai bincike sai ya koyi kiɗan da hannunsa, kamar yadda ake koyon harshe na biyu. Daga nan jami'o'i irin su Wesleyan suka riƙa ɗauko gwanaye daga Java, Indiya da Gana su koyar. Wannan gyara ne na gaske, ko da yake zangon karatu ɗaya ko biyu ba ya mai da mutum makaɗi, kuma gwanayen da ba su da digiri sukan tsaya a ƙananan muƙamai alhali a kansu darasin ya dogara.

A Afirka, Jami'ar Nijeriya ta Nsukka ta buɗe sashen kiɗa a 1961, na farko a ƙasar. A Jami'ar Gana da ke Legon, J. H. Kwabena Nketia ya jagoranci binciken kiɗan Afirka daga ciki, kuma littafinsa na 1974 ya zama abin karatu a ƙasashe da dama.

Kiɗan Hausa ya shiga wannan fage ta hanyoyi biyu. David Ames da Anthony King sun wallafa ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa a 1971, Fremont Besmer kuma ya yi bincike a kan makaɗan fadar Kano. A ɗaya hannun, masana na gida sun tunkari abin ta ƙofar adabi: Ɗandatti Abdulƙadir ya rubuta kundin digirinsa na uku a kan Mamman Shata a Jami'ar Indiana a 1975, Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero kuma ya yi rubuce-rubuce masu yawa a kan makaɗa da mawaƙa. Da yake a arewacin Nijeriya galibi sassan harsuna ne ke ɗauke da wannan aiki, an ci nisa wajen nazarin jigo, salo da tarihin mawaƙa, amma amon kansa, wato yadda ake ɗaure kalangu ya bi karin harshe ko yadda ɗan goge ke jan tsirkiya, bai samu kulawa daidai da haka ba. Alamomin rubutun Turawa ma ba sa kama waɗannan abubuwa yadda ya kamata, don haka ake komawa ga ɗaukar sauti da aunawa da kwamfuta.

Fasahar sauti

Shi ne ƙaramin reshe a shekaru. A 1949 makarantar kiɗa ta Detmold a Jamus ta fara horar da masu ɗaukar sauti waɗanda suka iya kiɗa da injiniyanci a lokaci guda, Jami'ar Surrey a Ingila ta bi sahu a 1970. Jami'o'in Columbia da Princeton sun buɗe cibiyar kiɗan lantarki a 1959, inda Halim El-Dabh ɗan Masar ya yi aiki. A Jami'ar Stanford, John Chowning ya gano hanyar haɗa amo da lissafi a 1967. Kamfanin Yamaha ya karɓi lasisinta, ya fitar da fiyanon DX7 a 1983. A shekarar ce kuma aka fito da MIDI, ƙa'idar da ke ba kayan kiɗan lantarki damar aika wa juna saƙo.

Ɗalibin wannan reshe yana karanta kimiyyar amo da yadda ɗaki ke mayar da shi, inda ake kafa makirfo ga kowane irin kaya, haɗa muryoyi da daidaita su, da sauti na fim da rediyo. Akwai lissafi a ciki. Kunnen matashi yana jin motsin iska daga kusan sau 20 zuwa 20,000 a daƙiƙa, kuma don a adana amo ba tare da tawaya ba sai an auna shi fiye da ninki biyu na wannan iyaka. Dalilin da ya sa faifan CD ke ɗaukar awo 44,100 a kowace daƙiƙa ke nan. Fiyanon Yamaha da kwamfuta su ne jigon sitidiyoyin waƙoƙin fina-finai a Kano, inda akasarin masu haɗa sauti a bakin aiki suka koya, ba a aji ba.

Inda wannan reshe ke haɗuwa da na kaɗe-kaɗen duniya shi ne taskar sauti. Tsoffin faya-faye da kaset suna lalacewa, injinan kunna su ma suna ƙarewa, don haka ake horar da ɗalibai su juye su zuwa kwamfuta tare da rubuta sunan makaɗi, gari da lokacin ɗauka. Taskar kiɗan Afirka da Hugh Tracey ya kafa a 1954, wadda ke Jami'ar Rhodes a Afirka ta Kudu tun 1978, tana cikin waɗanda suka fara mayar da kwafin faya-fayensu ga garuruwan da aka ɗauko su. Dokar haƙƙin mallaka da neman izinin makaɗa ko magadansu ma suna cikin abin da ake koyarwa a sassan kiɗa da yawa.